Ganyen Ulu a Kan Yadi Mai Santsi

Savai'i, watan Maris

Zuwa ga 'yar'uwata Tolotea,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Uelese da wannan cikin naki da kowa ya ji labarinsa daga nan har Apia, ni kaɗai kika ɓoye wa. Ba komai, na yafe. Mu nan lafiya lau, godiya ga Ubangiji. Kawu Iakopo ya dawo daga asibiti, tarin ya lafa, ya koma kan tabarsa kamar ba shi aka kwantar ba. Kaka Taumaia tana cin abinci, tana faɗa kamar kullum, sai dai idon. Shekaranjiya ta gaishe da ginshiƙin ɗaki da sunana, har ta yi fushi da bai amsa ba. Mun yi dariya tare da ita, amma daga baya na zaga bayan madafi na yi kukana.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro. A watan Agusta Kaka za ta cika tamanin, dangi sun zauna sun ce za a yi taro, kowa da kowa cikin yadi iri ɗaya. Gwaggo Siniva ta ce a je kanti a Apia a yanko wannan mai shuɗin fure, wanda babu dangin da bai sa ba a tsibirin nan. Kaka tana gefe kamar tana gyangyaɗi, sai ta ɗaga kai ta ce ita ba ta son furen kanti. Ta ce, "Ganyen bishiyar ulu nake so, wanda Sauaso ya sassaƙa a allonsa. Ina so in ga ganyen mijina a jikin jikokinsa tun idon nan bai gama rufewa ba."

Ni kuma da bakina da ba ya jin magana, na ce zan yi. A gaban kowa fa, uso, 'yar'uwata. Gwaggo Siniva ta kalle ni sama da ƙasa ta ce Allah ya ba da sa'a, irin addu'ar nan tata da kin sani.

Da na sauko da allon daga saman rufi sai na ga ɓarna. Gara ta cinye gefe guda, sauran kuma ya suɗe. Na ɗora yadi na goga launi yadda Kaka take yin elei, bugun zane a yadi, muna yara, abin da ya fito kamar an zubar da koko a tabarma. Amma ganye ɗaya na tsakiya yana nan da ransa. Ke da kike wuni a masana'antar buga riguna, ki faɗa mini yadda kuke yi, ki kuma aiko da abin da ya samu. Kada ki tsaya yi mini dariya, lokaci ba ya jira.

Taki,
Fuatino

Brisbane, watan Afrilu

Uso Fuatino,

Wasiƙarki ta same ni lafiya. Uelese yana gaishe ku, ya ce a gaya wa Kawu Iakopo ya ji tsoron Allah ya bar taba. Ni dai ƙafafuna sun kumbura, silifa ɗin Uelese nake sawa zuwa aiki. Sanyi ya fara shigowa, ga kwaɗayin gwaza da madarar kwakwa ya hana ni sakat.

Dariya kam na yi, har sai da cikin ya motsa. Ke da ko maɓalli ba ki iya ɗinkawa daidai ba, ke ce za ki tufatar da dangin Sauaso gaba ɗaya? Amma na ji daɗi da ke ce kika tashi. Da ina gida ma da ni zan riga ki.

Matar fastonmu za ta tafi gida jibi, na ba ta kwali. A ciki akwai wani ƙyalle mai ƙananan ƙofofi kamar rariya. Ki sa a haɗa miki katako mai kusurwa huɗu, ki ɗaure ƙyallen a kai ya yi tauri kamar fatar ganga. Ki kwafi ganyen a kan abu mai ƙarfi da ba ya jiƙa, ki yanke shi, ki sa tsakanin rariyar da yadi. Sai ki zuba launi a sama ki ja shi da robar nan mai mariƙin katako, sau ɗaya, da ƙarfi. Sau ɗaya na ce, na san hannunki. Garin launin kala uku ne, ƙasa-ƙasa da ja da baƙi, ga kuma farin danƙo a galan, da shi ake kwaɓawa. Wannan ba rini ba ne da yake shiga cikin zare, shi kama yadi yake yi, kuma ba ya kamawa sai ya sha zafi. In ya bushe ki goge shi da dutsen guga sosai, in ba haka ba wanki ɗaya zai tafi. Ki gwada a kan tsummoki tukuna.

Na kuma saka wani yadi mai sheƙi, fari kamar cikin kwakwa. Na gan shi a kanti na kasa wucewa. Kyauta ce ga Kaka.

Yanzu ga maganar da nake ta kewayewa. Likita ya ce ba zan hau jirgi a Agusta ba. Matar da ta goya ni tun uwata ta rasu za ta yi rawar rufe taro, ni kuma ina nan ina buga wa 'yan ƙwallo lamba a bayan riga. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Kada ki gaya mata tukuna, bari in sami bakin da zan faɗa da kaina.

Taki,
Tolotea

Savai'i, watan Mayu

Tolotea tawa,

Ina gaisuwa, ina gaida ƙafafun silifa. Kwali ya iso, matar fasto ta ci rabin alewar da kika sako, ta ce zafi ne ya narkar da ita. Kowa lafiya. Kaka ta riga ta san ba za ki zo ba, ta ce ita ma ta haihu, ta iya lissafin wata. Ta ce ki zauna inda kike ki ci abinci.

Ke dai bari, gidan nan ya zama wani abu. Abu mai ƙarfi da ba ya jiƙa na nema na rasa, sai idona ya faɗa kan hoton ƙirjin Kawu Iakopo da aka ɗauka a asibiti, wannan baƙar ledar mai haƙarƙari. Na roƙe shi ya ba ni, ya ce in ɗauka, dama ba abin da yake nuna masa sai abin faɗa. Na shafa gawayi a allon na kwafi ganyen, na yanke shi a kan haƙarƙarin Kawu. Yanzu duk wanda ya zo sai ya gaya masa da huhunsa ake buga kayan taro.

Na gwada a kan duk abin da hannuna ya kai. Buhun fulawa da aka wanke ya fi kowa karɓa, ganyen ya fito tas har jijiyoyinsa. Farin yadin auduga ma ya yi kyau, shi za mu saya wa dangi. Tsohon zanen gado ya sha launi ya bazu. Na gwada a guntun siapo na ɓawon itace, ya shanye kamar mai ƙishirwa, ya bar mini inuwa kawai. Tawul kuwa kada ki tambaya.

Sai maganar zafi. Dutsen gugarmu na gawayi guda ɗaya ne, kin san shi, mai murfin da ake ɗaurewa da waya. Na duba yawan dangi, na duba dutsen, na ce wannan sai Kirsimeti. Ran Lahadi da aka kwashe abinci daga umu, murhunmu na duwatsu, na ga duwatsun suna nan da zafinsu a banza. Na shimfiɗa ganyen ayaba a kai, na baza yadin da na buga, na rufe. Uso, launi ya kama! Na wanke a rafi, na wanke a teku, na murza da sabulu, ko gezau. Na yi ta rawa ni kaɗai a bakin ruwa.

Abin da ban lura da shi ba, alade aka gasa ran nan, yadin ya kwashi ƙamshinsa. Ni hancina ya saba. Gwaggo Siniva ta zo duba aiki, ta ga zanen ya yi kyau, ta kasa yabawa ta kasa ajiyewa, ta ce za ta ɗaura zuwa taron mata a coci don ta ga ko zai zuba. Karnukan ƙauyen nan kaf suka rako ta, tun daga ƙofar gida har bakin coci, wani ma ya shiga ya kwanta a ƙafarta. Har yau ba ta yi mini magana ba. Na koma wa dutsen guga, matan gida suna karɓa-karɓa.

Amma ga inda dariyata ta tsaya. Na kai wa Kaka mafi kyawun wanda na buga a auduga. Ta fita da shi rana, ta kawo shi dab da hancinta, ta juya shi, ta daɗe. Sai ta miƙo mini ta ce ya yi kyau. Na san muryarta, na ce Kaka me kika gani? Ta ce wani gajimare mai ruwan ƙasa. Na ƙara baƙi, na ƙara ja, duk ɗaya. Idon yana gudu ya fi ni sauri. In akwai wani launi a wurinku da ya fi waɗannan ƙarfi, don Allah ki aiko.

Fuatino

Savai'i, farkon Yuli

Tolotea,

Lafiya kuwa? Jirgin ruwa ya zo ya koma ban san sau nawa ba, ko layi ɗaya babu. Na fara da fushi, na ce ko labarin alade ne ya sa kika ji kunyar a ce kin san ni. Yanzu tsoro nake ji. Kaka ba ta tambaya da baki, amma duk motar da ta tsaya a hanya sai ta juya kunne. Mu dai lafiya.

Tunda ba ki aiko da launi ba, na ce bari in gwada yadin nan mai sheƙi da kika ce na Kaka ne, ko farinsa zai sa ganyen ya fi fitowa. Na yanki ɗan gefe na buga. Yadin nan ya ƙi shan komai. Launin ya zauna a sama, ya bushe ya yi tudu kamar ɓawon ciwo. Na ɗora dutsen guga, sai ƙauri, ya huje ya nannaɗe. Na buga wani guntun, shi ma tudu. Haushi ya kama ni na jefar da shi kan tabarma na tafi ɗora ruwa.

Da na dawo na tarar da shi a cinyar Kaka. Idonta a rufe, yatsanta yana bin bakin ganyen a hankali, yana shiga kowane lungu yana fita. Da ta kai wajen gindin ganyen sai ta tsaya. Akwai wata 'yar tsaga a wurin, na kwafe ta ne kawai yadda na gan ta a allon, na ɗauka aikin gara ne. Kaka ta yi dariya ta ce, "Ga ta nan. Ran da yake sassaƙa wurin nan na wuce ta gabansa da ruwa a kai, ya bi ni da ido, wuƙar ta goce. Shekara da shekaru yana cewa da gangan ya yi."

Tolotea, na zauna a ƙasa kusa da ita. Wata uku ina neman launin da za ta gani, ashe a yatsa idonta ya koma. Ta ce wannan ne kayanta na taro, kada a kawo mata wani. Na buga yadin gaba ɗaya, na cika launi da gangan ya yi kauri, na shanya a rana tunda ba ya son wuta. An ɗinka mata riga da zane. Kullum da hantsi sai ta sa a ɗauko mata, ta shafa, a mayar.

Ki rubuto, ko zagi ne.

Fuatino

Brisbane, ƙarshen Yuli

Uso,

Ki sauke fushi, na haihu, kin zama uwa. Mace ce, ta zo kafin lokacinta, ƙarama kamar 'yar kyanwa amma muryarta ta Gwaggo Siniva ce. Mun daɗe a asibiti ni da ita, yanzu muna gida, tana shan nono kamar da gayya. Wasiƙunki biyu suna cikin motar Uelese ƙarƙashin kujera duk wannan lokaci, shi ya manta da kansa ma balle takarda. Jiya na karanta su a jere, na yi dariyar karnuka har ɗinkina ya yi zafi, na zo kan tsagar ganye na jiƙa takardar.

Amma ki saurare ni da kyau. Yadin nan ba na bugu ba ne, na aiko ne a ɗinka mata shi haka fari. Laifina ne da ban faɗa ba. Launin da bai sha zafi ba zaune kawai yake, bai kama komai ba. Ruwa kaɗan zai iya jurewa, amma mai kam narkar da shi yake yi, da mai muke goge shi daga hannu a wurin aiki. Kin kuwa san yadda za a yi wa Kaka wanka da man kwakwa kafin ta fito rawa, kafaɗa da hannu har yana ɗiga. In man nan ya taɓa rigar, ganyen zai narke a jikinta a gaban baƙi, Gwaggo ta sami abin faɗa har ƙarshen rayuwarta, Kaka kuma ta rasa abin da take shafawa. Ko dai a hana ta mai, ko ta sa na auduga kamar kowa, a ajiye wannan a akwati. Ina roƙon Allah takardar nan ta riga taron isowa.

Yarinya ba ta da suna tukuna. Ki ce wa Kaka ita muke jira.

Tolotea

Savai'i, watan Agusta

Uwar jaririya,

Barka, barka, barka. Da na karanta wa Kaka ta sa aka buga ƙararrawar gida, Kawu Iakopo ya yanka kaza ba wanda ya sa shi. Kowa yana gaishe ki. A gaya wa Uelese akwai shari'a tsakanina da shi.

Wasiƙarki ta riga taron da 'yan kwanaki. Na gwada a guntun da ya rage, na ɗiga man kwakwa na murza, ganyen ya biyo yatsana. Na je na durƙusa gaban Kaka na faɗa mata komai, na ce ta zaɓa, ko mai ko riga. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce tun tana budurwa ba ta taɓa fita rawa da busasshiyar fata kamar ƙadangare ba, ba kuma za ta fara a tamanin ba. Na ce to ta sa na auduga. Ta ce wannan na masu ido ne. Na ce Kaka zai lalace fa, rawa ɗaya kawai zai yi. Ta ce, "To rawa nawa kike tsammani ta rage mini?" Sai ta aike ni in kawo almakashi, ta kuma kore ni.

Ranar taro dangi sun cika fili, na Apia da na Auckland da na Pago Pago, kowa da ganyen ulu a jiki, tun daga jarirai har Kawu. Gwaggo Siniva ma ta sa, ta shinshina nata sau biyu kafin ta ɗaura. An ci, an yi jawabai masu tsawo, an yi waƙa. Da aka zo rufewa, mata suka fito da Kaka tana ƙyalli, mai har gwiwar hannu, farin yadin nan yana ɗaukar ido. Ni ina bayan ginshiƙi ina addu'a.

Ta yi rawa, uso. Ƙafar ba ta nisa, amma hannayen nan suna nan yadda kika san su. Maza suna ihu suna zagaye ta suna dukan ƙasa. Duk sanda ta sauke hannu ta shafi ganyen da ke ƙirjinta, na ga launi ya fara bin yatsunta. Kafin waƙa ta ƙare jikoki suka ruga suka rungume ta, su ma duk sun sha mai. Na farko da ya sake ta, sai ga ganyen ulu kwance a kafaɗarsa, ja da baƙi. Ta biyu a kumatu. Wani ya yi ihu ya nuna, sai fili ya rikice, kowa yana layi a rungumi Kaka a samu ganye. Fasto ya samu a hannun farar rigarsa. Gwaggo Siniva ta tsaya tana cewa ai dama ta faɗa, ta faɗa, sai Kaka ta ji muryarta ta jawo ta ta matse. Rabin ganye ta samu a wuya, kuma na gan ta da idona washegari ba ta wanke ba.

Rigar kam ta tashi daga aiki, ta zama kamar tsumman goge tukunya. Na zauna kusa da Kaka ina ba ta haƙuri. Ta ce in gaya mata abin da nake gani a fili. Na ce kowa da ganyen mijinta a fatarsa. Ta ce to me ta roƙa tun farko?

Almakashin nan kuwa, ashe ganye ɗaya ta yanke daga gefen zanen tun kafin taro, ta lalube shi da yatsa ta zaɓi wanda tsagarsa ta fi fitowa. Shi ne a cikin takardar nan, na naɗe shi a leda. Ta ce naki ne, ki rufe ido ki duba shi. Sunan yarinya kuma Elei.

Ki kiyaye shi daga mai, ke kika koya mini.

Taki,
Fuatino

Brisbane, watan Satumba

Uso Fuatino,

Muna lafiya, Elei ta fara cika hannu. Saƙo ya iso, wannan karon ni na je akwatin wasiƙa da kaina.

Na rufe ido na duba shi yadda ta ce. Na sami tsagar. Uelese ya shigo ya tarar da ni a tsaye a kicin ido rufe ina kuka ina dariya, ya juya ya fita a hankali.

Na ajiye shi kwana biyu a leda, ina buɗewa ina rufewa. Ran Lahadi da safe na yi wa Elei wanka, na shafe ta da man kwakwar da kuka aiko, yadda Kaka take shafe ni. Ganyen yana kan gado. Na san abin da na rubuta miki, ba sai kin tuna mini ba. Na ɗauko shi na ɗora a ƙirjina, na ɗora ta a kai, na matse.

Ya fito a cikinta tas, har da tsagar, saura kuma a wuyana. Haka muka je coci. Ki gaya wa Kaka mu ma mun rungume ta.

Taki,
Tolotea